Gidajen tarihin Makka da Madina, da adakar Gwaggo

Wannan ce Umarata ta uku, kuma in gaya muku gaskiya biyun farko babu abinda na sani a garin Makka sai hanya uku, daga masauki zuwa Harami, daga Harami zuwa wajen masu tuwo, sai kuma kasuwa neman tsaraba, jallabiya da turare da dabino da carbi dozin-dozin saboda kar a koma gida wani yace an manta da shi. Haka yawancinmu muke ai, kar ma wani ya musa min. In an ce ziyara to motar ejan ce za ta kwashe ku da sassafe a nuna muku Arfa da Mina da Jabalin Nur ta taga, a ɗauki hoto, a dawo kafin azahar, shikenan an gama ganin gari.

Wannan karon sai ban sauka a otal ba, na sauka gidan Gwaggo a wajen Shara Mansur. Gwaggon nan 'yar ƙanin kakana ce, a Makka aka haife ta, a nan ta yi aure ta haihu ta yi jikoki, sau biyu kacal ta taɓa taka Kano a rayuwarta amma in tana Hausa sai ka rantse daga cikin badala ta fito jiya, tsohuwar Hausa irin wadda mu ma mun daina yi. Unguwar kuwa duk wanda ya san ta ya san abinda nake nufi, kana tafe kana jin ana ciniki da Hausa, ga masa ga fura ga ƙamshin daddawa na fitowa daga wani lungu, sai in ka ɗaga kai ka ga duwatsu sannan ka tuna ba a Fagge kake ba.

Autanta ne ya tayar da maganar. Yaro ne ɗan shekara ashirin da wani abu, Hausarsa rabi Larabci, kwana biyu yana kallona ina shigowa da ledoji sai yace, "Yaya, kai kullum suƙ, kullum suƙ, khalas mana, bukra mu je mat'haf." Nace mene ne kuma mat'haf, yace gidan da ake ajiye kayan da. Nace a Makkan? Dariya ya yi har da riƙe ciki, wai shekara nawa ina zuwa ban san akwai ba. Na ji kunya wallahi amma na dake.

Washegari bayan mun karya da ful da tamis ya ɗauke ni a motarsa muka nufi Ummul Jud, kan tsohuwar hanyar Jidda, inda gidan baje kolin gine-ginen Harami biyu yake, daf da masana'antar da ake saƙa rigar Ka'aba. Daga waje ba wani gini ne mai ɗaukar ido ba, in ka gan shi a hanya ma wucewa za ka yi. Amma ina shiga, abu na farko da ya tsayar da ni wani ƙaton tsani ne na katako mai tayoyi, duk an sassaƙa masa ado, wanda da shi ake turowa a jingina da ƙofar Ka'aba a hau a shiga, an rubuta a jikin allon bayaninsa shekarar Hijira ta 1240. Na tsaya ina lissafi da yatsu, wato wajen 1824 zuwa 1825 kenan, lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello na kan gado a Sakkwato, Dabo na sarautar Kano. Kai jama'a. Katako yana nan ƙalau, mutanen da suka taka shi ko ƙasusuwansu babu.

Ni dai haka kaina yake aiki, in ba na juya shekara zuwa sarkin da na sani ba, ba ta shiga. Haka na yi da tsohuwar ƙofar Ka'aba da ke can ciki, wadda aka yi zamanin Sarki Abdul'aziz a 1363, wato 1944, Abdullahi Bayero na Kano a lokacin. Ita aka cire aka sa ta zinaren nan da muke gani yanzu, a zamanin Sarki Khalid, 1979. A Harami ƙofar Ka'aba daga nesa kake hango ta, in ka matsa kusa turereniya ba za ta bar ka ka ɗaga kai ba ma, ga askarawa na ta "yalla ya hajji, harrik", amma a nan ga ta gabanka, tsayin ta ya fi ka nesa ba kusa ba, kana iya bin rubutun jikinta harafi-harafi ba wanda zai ture ka. Wani dattijo ɗan Indunusiya da ke gefena kuka kawai yake yi, mai gadin wurin na ta roƙonsa kar ya taɓa.

Abinda ya fi taɓa ni a gidan nan gaba ɗaya ba zinare ba ne, bakin rijiyar Zamzam ne na da. An ɗauko shi dungurungum an ajiye, da ƙarfen da igiya ke bi ta kai, da gugan tagulla. Mu yanzu Zamzam a kula muka san ta, ka danna ka tara kofin roba, akwai mai sanyi akwai marar sanyi, har ka manta cewa rijiya ce, rijiya irin ta gidan kakarka wadda ake zura guga a ja. Na kira autan Gwaggo nace zo ka ga, yace ai Ummi ta sha ba su labari, tana yarinya ta ga ana ja da hannu. Nace Gwaggon? Yace ita fa. Sai na ji wani iri, ashe matar da na baro a gida tana yanka kuɓewa ta ga abinda ni nake kallo a bayan igiyar da aka gitta.

Akwai kuma wani ginshiƙin katako daga cikin Ka'aba da aka rubuta tun ginin Abdullahi ɗan Zubairu ne, shekara ta 65 bayan Hijira, ya yi baƙi ya tsattsage, da tsohon gidan da ake rufe Maƙamu Ibrahim da shi, da kwafin mus'hafin Sayyidina Usman, rubutu manya-manya babu ɗigo babu wasali, na gwada karantawa na kasa fitar da ko layi ɗaya, ni da nake taƙama na yi sauka. Sai tsofaffin hotunan Harami lokacin da gidajen mutane ke manne da masallacin, filin ɗawafi ɗan ƙarami, tsakuwa a ƙasa. Na daɗe a gaban hotunan nan ina leƙen fuskokin mutane, in na ga baƙin mutum da rawani sai in ce a raina ko namu ne, to hoto ba ya magana.

Masana'antar rigar Ka'aba kam ba mu samu shiga ba, sai an yi rajista tun kafin a zo, mu kuma ba mu yi ba, laifinmu ne. Amma a gidan baje kolin akwai tsohuwar masaƙar hannu da guntayen rigar, ka ga surfanin kusa da kusa, zaren azurfa da aka shafe da zinare an ɗora shi kan auduga har rubutun ya taso ya yi tudu, da hannu ake yinsa har gobe. Na tuna masu ɗinkin babbar riga na unguwarmu da suke wata uku kan aska takwas guda ɗaya. Da can daga Masar ake kawo rigar duk shekara da ayari, sai Sarki Abdul'aziz ya buɗe gidan saƙarta a Makka a 1927, aka dawo da shi Ummul Jud a 1977. Kuma ga wanda bai sani ba, an daina canja ta ranar Arfa, tun 2022 ranar 1 ga Muharram ake yi. Ni ma a ranar na sani.

Gidan tarihin da ke saman dogon benen agogo kuwa, toh, na je dai. Kuɗin shiga sai da na juya shi zuwa naira na yi salati. Benen mita 601 ne, fuskar agogon kaɗai mita 43, lifta ta ɗauke ka kunnenka na toshewa, a kai ka hawa huɗu na can ƙoli inda aka cika da bayanin rana da wata da taurari da yadda mutanen da suke auna lokaci. An kashe kuɗi ba ƙarya, kuma mai sha'awar lissafin ganin wata zai ji daɗinsa, yara ma haka. Ni barandar kawai ta burge ni, ka leƙo ka ga Ka'aba 'yar mitsitsiya, masu ɗawafi kamar an zuba farin gero ana juya shi a faifai. Amma ban jima ba na ce mu sauka, zuciyata ba ta so ina kallon Ɗakin Allah daga sama, ban ce haramun ba ne, ni dai ban ji daɗi ba. Kuma a wurin nan da akwai tsohuwar ganuwar Turkawa ta Ajyad a kan dutse, aka rushe ta a 2002 aka yi benen, wato an share tarihi an gina gidan tarihi a samansa, na faɗa wa yaron haka yace "Yaya ka rage murya."

Na gindin Jabalin Nur ya fi kwanta min, unguwar al'adu ta Hira da aka gina 'yan shekarun nan. Akwai zauren da ake nuna labarin saukar wahayi da haske da sauti, har an ƙera kwatankwacin kogon yadda wanda gwiwarsa ba za ta iya hawan dutsen ba zai ga girmansa, ga gidan tarihin Alƙur'ani a gefe da tsofaffin rubuce-rubucen hannu. In kana da tsohuwa ko tsoho da ya nace sai ya hau Hira, dan Allah ka kai shi nan ka huta da jidali.

Madina a jirgin ƙasan nan mai gudu muka je, wanda aka buɗe a 2018, kilomita wajen 450 cikin awa biyu da 'yan kai, ko shayin da na saya bai gama hucewa ba sosai muka wuce Jidda. Shi ya sa da muka je tsohuwar tashar jirgin Hijaz a Anbariyya abin ya ba ni dariya ya kuma ba ni tausayi. Gini ne na baƙin dutse irin na Madina, ga tsofaffin taragai da kan jirgi a tsakar gida, ga ɗan masallacin Turkawa a tsallake mai hasumiya biyu sirara kamar fensir. Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na biyu ne ya fara aikin a 1900, da gudummawar Musulmin duniya, layin ya taso daga Dimashƙa kilomita wajen 1,300 ya iso Madina a 1908, tafiyar da ayarin raƙuma ke yi a kwana arba'in ta dawo 'yan kwanaki. Niyyar a kai shi Makka ce amma bai kai ba, yaƙin duniya na farko ya zo aka farfasa layin, ko shekara goma cikakku bai yi yana aiki ba. A cikin ɗakunan an jera tarihin Madina tun kafin Musulunci, tukwane, kuɗaɗe, makamai, hotuna. Duk bayanin hanyar alhazan Sham ne da na Masar da na Iraƙi. Na yi ta dubawa ko zan ga an ja layi daga yamma, daga wajenmu, ni dai idona bai gani ba.

Inda na ga Hausa da idona shi ne maɗaba'ar Alƙur'ani ta Sarki Fahad, wadda aka buɗe a 1984. Da safe ake shiga, ku bi layi ku hau wata baranda ku leƙa injina na ta aiki a ƙasa, a fita a miƙa wa kowa mus'hafi kyauta. A wajen da suka jera tarjamomi cikin gilas ina bi ina karanta sunayen harsuna, Urdu, Turkanci, Faransanci, sai ga Hausa, tarjamar marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi. Wallahi sai da na ɗaga murya nace ga mu nan! Autan Gwaggo ya matso yana ƙoƙarin karanta bokon, yana tuntuɓe da ƙ da ɗ, shi da yake jin Hausa tun a nono bai taɓa ganin ta a rubuce cikin littafi ba sai ranar. Suna buga na ruwayar Warshu ma, irin wanda muka yi karatun allo da shi.

Jidda yini ɗaya muka yi mata, tsohon garin da suke kira Balad, wanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2014. Gidaje masu hawa huɗu biyar da aka gina da dutsen da ake haƙowa daga teku, tagogin katako sun turo waje an yi musu ƙananan ɓuli yadda iska za ta shiga kuma na ciki ya ga na waje, na waje bai ga na ciki ba, rawashin suke ce musu. Mun shiga gidan Nasif da aka gama a 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shigo Jidda a 1925, matakalar gidan faffaɗa ce marar tsayi wai har raƙumi na hawa da kaya. A ƙofar gidan ga wata tsohuwar bishiya ana ta ɗaukar hoto da ita, na matsa na duba ganyen, ashe darbejiya ce, irin wadda awakinmu ma ba sa kulawa. Tun zamanin Sayyidina Usman garin nan yake tashar jirgin ruwan Makka, duk wanda ya tsallako Bahar Maliya nan yake fara taka ƙasa. Na tambayi yaron ina mutanenmu suka zauna, ya nuna kudu da hannu yace Sabil da Karantina da su Hindawiyya, amma yawanci an rushe a rusau ɗin 2022, fili ne yanzu.

Daren da muka dawo Makka na zauna ina nuna wa Gwaggo hotuna a waya, tana gyara tabarau tana cewa wannan na sani, wannan ma na sani, da ta ga bakin rijiyar Zamzam sai ta yi shiru ta daɗe tana kallo. Nace, "Gwaggo, duk yawon nan da na yi, ban ga inda aka ajiye ko takalmin mutum ɗaya cikin mutanenmu da suka zo da ƙafa ba." Ta kalle ni ta saman tabarau tace, "Kai ɗan nan, wa zai ajiye takalmin takari a gilas?" Sai ta ƙwala wa autan kira, "Ya walad, jawo min adakar Baba."

Daga ƙarƙashin gadonta ya jawo ta, adakar ƙarfe ce da fentinta ya gama ɓarewa, an ɗaure marfin da igiya saboda makullin ya daɗe da mutuwa. Ƙamshin kafur da tsohuwar fata ya bugo ni. A sama akwai gafaka, fatar ta yi baƙi ta yi sheƙi saboda hannu, a ciki Alƙur'ani rubutun hannu warƙa-warƙa ba a ɗinke ba, tawada baƙa wasali ja, gefen takardun duk sun cinye, wasu da tabon ruwa. Tace tabon nan a teku aka same shi, a kwalekwalen da ya tsallako da su daga Sawakin ta bakin tekun Sudan, igiyar ruwa ta watso musu cikin dare, Baba ya cusa gafakar cikin riga ya kwanta a kanta. Ƙarƙashinta akwai ɗan guntun allo, da carbi na katako da ƙwayoyinsa suka siɗe suka zama ƙanana, da wata takardar tafiya ta zamanin Turawa an naɗe ta cikin tsumma, hatimai a jiki har sun haɗe da juna, ban iya karanta komai ba sai Maiduguri.

Tace shekarar da aka gama yaƙin Hitila ya bar Kano, shi da Inna tana amarya, da jaki ɗaya. Ta fara jero garuruwan kamar mai karanta Fatiha, Maiduguri, Fallomi, Abeshe, Janaina, Fashir, Lubayya, Madani, ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba a cikinsu amma ba ta yi tuntuɓe ba. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma ko ƙwadago ko ya koyar da yara allo, damina ta wuce a ƙara gaba. A Jazira ta ƙasar Sudan suka fi daɗewa suna tsinkar auduga, nan aka haifi yayanta namiji, nan kuma aka binne wata da ba ta yi suna ba. Sun je Mai Wurno ma, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin kogin Nilu bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a Burmi a 1903, tace Baba na cewa a can ya ci tuwon da ya fi na ko'ina tun barinsa gida, har ya so ya zauna, Inna ce tace ita ba Sudan aka ce mata za a kai ta ba. Shekara bakwai suka yi a hanya. Ni kuma na yi awa biyar a jirgi ina ƙorafin kujera ta matse min gwiwa.

Na ce mata, "Gwaggo, ki bar ni in tafi da gafakar nan Kano mana, a gyara ta a adana, ko Gidan Makama a kai." Ta karɓe daga hannuna a hankali ta mayar cikin adakar tace, "Shekara bakwai ya yi yana kawo ta nan, kai kuma ka mayar da ita a awa biyar? Ka ɗauki hotonka dai." Na ɗauka, warƙa uku kawai ta yarda na buɗe, tana riƙe da gefen da hannunta. Autan na tsugune yana haska min da fitilar wayarsa, sai ya nuna wani rubutu ƙanana a gefen warƙa ta ƙarshe yace Yaya wannan ba Larabci ba ne, me aka ce? Na kanga ido na duba, ajami ne, an rubuta sunan unguwarmu da sunan kakana, da alƙalami ɗaya da na ayoyin. Gwaggo tace a karanta mata, na karanta, tace in sake, na sake. Sannan ta ce wa yaron ya ɗaure igiyar da kyau ya tura adakar can ciki kar jikoki su gani, ni kuma in tashi in wanke hannu tuwo na hucewa.